Na karanta bayokemistiri, ko za a ɗauke ni mastas a injiniyancin likitanci?

Ɗiyar Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka bi wannan hanya. Na gama digiri na farko a bayokemistiri shekara biyu da suka wuce, sakamakona 4.1 a ma'aunin 5. Raina ya daɗe yana kan injiniyancin likitanci, wanda ake ce wa bayomedikal, musamman ɓangaren kayan da ake dasawa a jikin mutum. Na leƙa sharuɗɗan jami'o'i sun fi goma, kowacce da inda ta sa gaba. Wata ta ce sai mai digirin injiniya, wata ta ce ko wani fanni makamancinsa, wata tana son GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, wata ta ce ko ka turo ba za ta duba ba. Kaina ya ɗaure. Shin mai irin digirina yana da rabo? In kuma an shiga, me ake buƙata kafin a ba mutum digirin?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, sunan abin ma injiniyanci ne. Waɗanda za ki zauna aji ɗaya da su sun yi shekara huɗu ko biyar suna cin kwakwa a hannun lissafi, lokacin ke kina can wajen enzayim da sinadaran jini. Ko an ɗauke ki, zangon farko zai yi miki nauyi. Da ni ne ke, mastas zan nema a fannina in huta. Kuɗin fom ba a mayarwa.

Dakta Mai Hoto:
Malam Abu Safwan, rabin maganarka gaskiya ce, amma rabin da ka bari shi ne zai amfane ta. Wannan fanni tun asalinsa taron baƙi ne. Godfrey Hounsfield da ya ƙera na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, injiniyan lantarki ne a kamfanin EMI, a 1971 aka ɗauki hoton mara lafiya na farko da ita. Paul Lauterbur ɗan kemistiri ne, Peter Mansfield ɗan fiziks, su biyu suka raba kyautar Nobel ta 2003 a kan MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Robert Langer, wanda duk mai sha'awar ɓangaren da take so sai ya ci karo da sunansa, injiniyan sinadarai ne da ya koma ɗakin binciken likitan tiyata Judah Folkman a 1974. Babu ɗayansu da takardarsa ta farko ta ce bayomedikal. Shi ya sa har yau sassan nan suke karɓar 'yan lantarki, 'yan makanika, 'yan fiziks, 'yan kwamfuta da 'yan kimiyyar halittu.

Sai dai ki lura, ƙanwata. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ba sunan digirinki yake karantawa ba, takardar sakamakonki yake bi layi-layi. Idonsu yana kan kalkulas tun daga na farko har zuwa mai zurfi, da lissafin difarenshiyal, da aljebrar matiriks, da fiziks irin wanda ake yi da kalkulas ba na haddar fomula ba, sai kemistiri da bayoloji, sai kuma shaidar cewa kin iya rubuta furogiram, ko da Python ko da MATLAB. Ɗauko takardarki ki lissafa mana kwasa-kwasan lissafin da kika yi.

Ɗiyar Malam:
Ga ta a hannuna, Dakta. Lissafi biyu a shekarar farko, ɗaya aljebra da tirigonometiri, ɗaya kalkulas na share fage. Ƙididdiga ɗaya a shekara ta biyu. Fiziks biyu. Shi ke nan. Python kuwa ni na koya wa kaina, da shi na zana jadawalan aikin kammala digirina.

Abu Safwan:
To kin ji. Abin da nake gudu ke nan.

Dakta Mai Hoto:
E, akwai giɓi, kuma ga inda yake: difarenshiyal da aljebrar matiriks. Bari in nuna miki dalilin da ya sa ba za a ɗaga miki ƙafa a kansu ba, da misali daga ɓangaren da kike so. A ce an cusa magani a cikin ɗan dunƙulen roba irin PLGA, aka dasa shi a ƙarƙashin fata don ya riƙa sakin maganin sannu a hankali har tsawon makonni. Ke kin fi injiniyan makanika sanin abin da zai faru da robar: ruwa zai warware ta, ta koma sinadarin laktik da gilaikolik, jiki ya sarrafa su. Kin kuma san cewa da zarar baƙon abu ya taɓa jini, furotin ne ke fara manne masa kafin kowace ƙwayar halitta ta iso. Wannan ilimin zinariya ne a ajin. Amma ranar da malami ya tambaya, bayan kwana goma maganin nawa ya rage a tsakiyar dunƙulen, nawa ya kai gefe, amsar tana cikin dokar Fick ta biyu mai bayanin yadda sinadari ke yaɗuwa, ita kuwa lissafin difarenshiyal ce tsantsa. Nan ne za ki ga na kusa da ke ya cika shafi ke kina juya biro.

Giɓin kwas biyu ko uku ba ya hana karatu. A Amurka sassa da yawa suna ɗaukar mutum da sharaɗi, su ce ya cike waɗannan kwasa-kwasan na matakin digirin farko a shekararsa ta farko. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne galibi ba a lissafa su cikin kiredit ɗin mastas, don haka suna ƙara lokaci da ɗawainiya. Wanda ya cike su kafin ya nemi gurbi ya fi kwanciyar hankali.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni na ɗauka bayomedikal gyaran injinan asibiti ne? Ina ruwan mai gyaran na'urar wankin ƙoda da dokar Fick?

Injiniya Lantarki:
Ɗan uwa, abu biyu ne ake haɗawa. Kula da na'urorin asibiti, girka su, auna ingancinsu, tsara sayensu, wannan injiniyancin asibiti ne, reshe ne mai zaman kansa, akwai ma shirye-shiryen mastas da aka keɓe masa. Abin da ake magana a nan ya fi karkata ga ƙirƙira da bincike. In gyara da kulawa kake so, ka duba jerin kwasa-kwasan shirin kafin ka cike fom, kada ka je ka tarar ana rainon ƙwayoyin halitta a faranti. Amma fa wankin ƙodar da ka kawo, da dokar Fick ɗin yake aiki, datti ne ke ratsa tantani daga jini zuwa ruwan wanki.

Sabon Shiga:
Ashe. Na gode Injiniya, na koma gefe ina saurare.

Yaya Hajara:
Dakta ya faɗi na Amurka, bari in faɗi na Turai, don a Jamus na yi nawa mastas ɗin kuma lamarin ba ɗaya ba ne. Can ba a cika sanin ɗaga ƙafa ba, ƙirga ake yi. Tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999 kan karatun jami'a a Turai suna aiki da ma'aunin nauyin karatu na ECTS: shekara ɗaya 60, mastas na shekara biyu 120, kowane maki ɗaya kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30. Sashe zai rubuta a dokarsa cewa yana son maki kaza a lissafi, kaza a injiniyanci, kaza a kimiyya. Sai su ɗauki takardarki su yi ta tarawa. In bai kai ba, ko da kin fito da daraja ta ɗaya, amsar a'a ce, kuma ba wanda zai karanta doguwar wasiƙarki ya ji tausayi.

Ni sau biyu ana mayar da ni, duk da digirina na injiniyan makanika ne. Wata jami'a, ba sai na faɗi sunanta ba, ta ce ban yi isasshen lissafi ba. Da na bincika sai na gano laifin daga wajena ne: takardar sakamakona ta rubuta sunan kwas kawai da lamba, ba ta nuna abin da ke ciki ba. A zagaye na uku na je sashenmu na karɓo bayanin kowane kwas, abin da aka koyar mako-mako da awannin lacca, aka buga hatimi, na haɗa da fom. Da takardun nan dai, ba abin da ya canja a sakamakona, aka ɗauke ni. Don haka ƙanwata, ko ina za ki nema, ki tanadi wannan bayanin tun yanzu. Wataƙila kalkulas ɗinki na share fage ya taɓo abin da sunansa bai nuna ba.

Jami'o'in Jamus da yawa ta hannun cibiyar tantance takardu ta uni-assist suke karɓar takardun baƙi, kuma tantancewar tana ɗaukar makonni, kada ki jira ranar rufewa.

Abu Safwan:
Hajiya kin taimake ni da hujja. Wato a Jamus ƙofa a rufe take gare ta.

Yaya Hajara:
Ƙofar shirye-shiryen da ke ƙarƙashin tsangayar injiniya, mai yiwuwa. Amma akwai waɗanda aka gina su don 'yan kimiyyar halittu, masu sunaye irin kimiyyar kayan dashe ko injiniyancin tsoka da gaɓoɓi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Malam. Sai ta karanta dokar kowane shiri, ba tallan da ke shafin farko ba.

Ɗiyar Malam:
Allah ya saka da alheri, Yaya. To maganar GRE da Turanci fa? Kuma 4.1 ɗina nawa ne a ma'auninsu?

Injiniya Lantarki:
Kada ki juya makin da kanki. Mutane suna raba 4.1 da 5 su ninka da 4, su rubuta abin da ya fito a fom, wannan ba daidai ba ne. Ki rubuta yadda yake a takardarki tare da ma'auninsa. In jami'ar tana son a juya, za ta tura ki wajen masu tantancewa irin WES, su kuma kwas-kwas suke bi. Mafi ƙarancin abin da makarantun gaba da digiri na Amurka suka saba nema shi ne 3.0 a ma'aunin 4, a Ingila kuwa digiri mai daraja ta biyu ta sama. Amma mafi ƙaranci izinin shiga layi ne kawai, ba kujera ba.

Turanci: TOEFL ko IELTS, sakamakonsu shekara biyu yake yi ya mutu, don haka kada ki yi gaggawar zana su. A IELTS yawanci 6.5 ko 7 ake nema, wasu kuma suna sa ƙa'ida a kan kowane ɓangare daban. Wanda ya yi digirinsa da Turanci wasu jami'o'in suna yafe masa, wasu ba sa yafewa, sai kin tambaya a rubuce.

GRE kuwa, ni a ganina ɓata lokaci ne yanzu. Tun wajen 2020 sassa da yawa suka ajiye shi.

Dakta Mai Hoto:
A nan kam na saba da kai, Injiniya. Ga kai mai digirin lantarki, wanda takardarsa ke cike da lissafi, ɓata lokaci ne. Ga ita ba haka ba ne. Inda aka ce na ganin dama ne, wato za a duba in an turo, ɓangaren lissafin GRE shi ne wuri ɗaya da za ta nuna da lamba cewa kanta yana ja. Makin daga 130 zuwa 170 ne, in ta kawo sama da 160 ta rage wa kwamiti fargaba. Kuma tun Satumban 2023 an gajarta jarrabawar, ba ta kai awa biyu ba, sakamakon kuma yana shekara biyar.

Injiniya Lantarki:
Dakta, lissafin GRE ai na sakandare ne. Babu kalkulas a ciki ko ɗigo. Farfesan da ke neman wanda zai warware masa difarenshiyal, me 165 zai gaya masa?

Dakta Mai Hoto:
Ba zai gaya masa ta iya ba, zai gaya masa za ta iya koya. Ban ce ya maye gurbin kwas ɗin ba. Inda aka ce ba a dubawa kwata-kwata, ta bar shi, na yarda.

Injiniya Lantarki:
To mun haɗu a tsakiya. Ni dai da awannin nan a hannuna, kwas ɗin zan zuba wa.

Likitan Dare:
Ina biye da ku tun ɗazu daga wajen aiki. Ni likita ne, kuma matsalata irin tata ce, har ta fi, don rabona da lissafi tun shekarar farko. Na yi wasu kwasa-kwasai a intanet na karɓi takardun shaida. Za su ƙirgu?

Yaya Hajara:
Likita, a wajen masu ƙirga ECTS da wuya, domin suna son kwas da jami'a ta yi jarrabawarsa ta sa shi a takardar sakamako. Amma ka sa su a takardar tarihin karatunka, suna nuna himma. In da hali, ka yi rajistar kwas ɗin a wata jami'a a matsayin ɗalibin wucin gadi, a ba ka maki na gaske.

Dakta Mai Hoto:
Likita, kai kana da abin da mu injiniyoyi muke bara. Ka san inda takalmin ke matsa mara lafiya. Dubi yadda manyan wuraren suka tsara kansu: sashen bayomedikal na Georgia Tech haɗin gwiwa ne da makarantar likitanci ta Emory tun 1997, na Johns Hopkins yana tsakanin makarantar likitanci da ta injiniya, shirin kimiyyar lafiya da fasaha (HST) na Harvard da MIT kuwa tun 1970 yake, kuma ɗaliban digirin digirgir na injiniya a can har zagayen marasa lafiya ake kai su. Kuɗi da shekaru suke kashewa don injiniya ya ga abin da kai kake gani kowane dare. Ka gina takardar bayanin manufarka a kan matsala ɗaya da ka gani da idonka, ka nuna wane lissafi kake koyo don warware ta.

Wannan takardar ma, bari in tsaya a kanta, don nan ake yawan faɗuwa. Na taɓa taya malamina karanta na masu nema. Cikin goma, kusan duka da labarin yarinta suke farawa, wai tun ina ƙarami nake son taimakon al'umma. Wadda har yau nake tunawa ta wani yaro ce da ya haɗa 'yar na'urar auna bugun zuciya a aikin kammala digirinsa. Ya rubuta cewa da ya manna wayoyin a ƙirjinsa, abin da ya fito a allo ba bugun zuciya ba ne, wani kauri ne kamar haƙoran zarto. Mako biyu yana zargin na'urar, daga baya ya gane wutar ɗakin ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa take shiga wayoyin. Ya faɗi matatar da ya sa, ya kuma faɗi cewa matatar ta ɗan lanƙwasa siffar bugun, abin da bai gama warwarewa ba ke nan, kuma shi ya sa yake son karatun. Malamina ya ajiye takardar a gefe ya ce wannan a kira shi. Makinsa bai fi na sauran ba.

Ɗiyar Malam:
Wannan ya buɗe mini ido. Aikina a kan yadda zafi ke lalata wani enzayim ne, kuma sau uku gwajin yana ƙin fitowa kafin in gane ruwan da nake haɗawa ne ya tsufa. Da kunyar faɗin hakan nake ji.

Dakta Mai Hoto:
Shi za ki faɗa. Kuma wanda ya duba miki wannan aikin shi ne na farko cikin mutum uku da za su rubuta miki wasiƙar shaida. Malamin da ya ga hannunki a ɗakin gwaji ya fi shugaban tsangayar da bai san fuskarki ba. A fom ɗin Amurka za a tambaye ki ko kin yafe haƙƙin ganin wasiƙar, ki ce kin yafe, an fi yarda da irin wannan.

Abu Safwan:
Duk na ji. Amma ba wanda ya amsa tambayarta ta biyu. Shiga ba ita ce wahalar ba, fita ce.

Injiniya Lantarki:
Gaskiyarka. Na mastas a Amurka, abin da aka saba shi ne kiredit wajen 30, cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Hanya biyu ce. Mai kundin bincike, inda wajen kiredit 6 na bincike ne, ka rubuta kundi ka kare shi gaban kwamitin malamai. Da marar kundi, kwasa-kwasai zalla ko da ɗan aikin ƙira a ƙarshe, wanda wasu ke kira MEng. A duka biyun akwai kwasa-kwasan dole: ilimin aikin gaɓoɓin jiki don injiniyoyi, lissafi ko ƙididdiga mai zurfi, taron gabatar da bincike na mako-mako, sauran kuma ka zaɓa daga ɓangarenka. Dole makinka ya tsaya a 3.0 ko sama. Ya faɗi ƙasa, a ba ka gargaɗi, ya ƙi tashi, a sallame ka. A nan C ba cin jarrabawa ba ne kamar yadda muka saba a digirin farko, rami ne da sai ka samo A ka cike.

A Ingila wata 12 ne cur, kiredit 180 a ma'auninsu, kashi ɗaya cikin uku aikin bincike ne da ake yi a watannin ƙarshe. Gudu ne ba tsayawa, kuma ga mai giɓin lissafi babu sararin cikewa.

Ni marar kundi na yi, ban kuma yi nadama ba. Aiki nake so a masana'anta, can kuwa abin da suka tambaye ni shi ne ko na san ISO 13485, ƙa'idar kula da inganci wajen ƙera kayan asibiti, ko na san bambancin na'urar aji na ɗaya da na biyu da na uku a wajen FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ko na taɓa jin IEC 60601, ƙa'idar kariya ta na'urorin asibiti masu lantarki. Ba wanda ya ce in kawo kundi.

Yaya Hajara:
Ga mai son masana'anta, to. Ita kuwa kayan dashe take so, wannan aikin ɗakin gwaji ne. In ta yi marar kundi ta fito, ranar da ta nemi digirin digirgir da me za ta nuna ta iya bincike? A Jamus ma zaɓin babu shi: zangon ƙarshe gaba ɗaya na kundi ne, maki 30, wata shida.

Injiniya Lantarki:
Ban ƙi ba, Hajiya. Amma ta sani mai kundi sai ta samu malamin da ya yarda ya ɗauke ta a ɗakinsa, kuma ba kowa ke samu ba.

Ɗiyar Malam:
Wata ƙawata ta ce a Amurka ana iya tsallake mastas a shiga digirin digirgir kai tsaye, har a riƙa biyan mutum. Gaskiya ne?

Dakta Mai Hoto:
Gaskiya ne, ni ma haka na shiga. Ana yafe kuɗin makaranta, a ba ka alawus a matsayin mataimakin bincike ko na koyarwa. Mastas kuwa galibi kai za ka ɗauki nauyin kanka. Fom yawanci a farko ko tsakiyar Disamba ake rufewa, hira a Janairu zuwa Maris, wanda aka ba gurbi da tallafi yana da har 15 ga Afrilu ya amsa. Amma akwai abin da baƙo ya kamata ya sani: wani kaso na kuɗin horar da ɗalibai a wannan fanni daga hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, yake fitowa, kuma irin wannan tallafin horaswa na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Haka ma babban tallafin ɗalibai na NSF, gidauniyar kimiyya ta ƙasar. Baƙo sai dai kuɗin binciken malami ko na sashe. Shi ya sa dacewa da malami ta fi komai. Ki karanta takardun bincikensa biyu na baya-bayan nan, ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa da tambaya ta gaske a ciki. A Turai tsarin daban ne, sai da mastas, kuma a Holan da Suwidin ɗalibin digirin digirgir ma'aikaci ne, gurbin ma kamar aiki ake tallata shi.

Fita kuwa, shekara biyar zuwa shida. Kwasa-kwasai a shekara biyun farko, wasu wuraren da zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ka zaɓi malami. Horo a kan ɗa'ar bincike, kuma in aikinka ya taɓa mutum ko dabba, ba ka ɗaga allura sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu. Sai jarrabawar cancanta, sai gabatar da ƙudurin bincike, sai shekarun aikin, sai kare kundi. Malamai da yawa ba sa barin ka kare sai ka buga takardu a mujallun bincike, ko da dokar sashe ba ta faɗi adadi ba.

Jarrabawar cancantar nan ni na faɗi a karon farko. Ɗaki ne ƙarami, malamai uku, farin allo, alƙalamin allo a hannuna. Na shirya tsaf a kan hoton MRI, na san lissafin Fourier da ake haɗa hoton da shi kamar sunana. Sai wata farfesa, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ce in ajiye hoton, in gaya mata me ya sa cikin ƙwayar jijiya yake da cajin kusan 70 na milibolt ƙasa da wajenta. Na rubuta fomular Nernst ta lissafin irin wannan caji daidai. Ta ce ba fomula ta tambaya ba, me ke riƙe da bambancin? Na tsaya ina kallon allo har alƙalamin ya bushe a hannuna. Famfon sodiyam da fotasiyam ne, mai fitar da uku ya shigo da biyu, da kuma yoyon fotasiyam ta tantanin, abin da ɗan shekara biyu a bayokemistiri zai faɗa yana hamma. Aka ba ni wata shida in dawo. Dama biyu ce kawai a sashenmu, wanda ya faɗi ta biyu da mastas ake sallamarsa.

Ɗiyar Malam:
Dakta, wallahi wannan tambayar da ni aka yi wa da na ci.

Abu Safwan:
Ke kuma da an ce ki yi Fourier da alƙalamin ya bushe a naki hannun. Na janye rabin maganata, ƙanwata, rabin kawai. Kada ki nemi ko'ina bana. Ki cike lissafin tukuna.

Yaya Hajara:
A kan wannan kam ina bayan Malam. Shekara ɗaya ba komai ba ce.

Likitan Dare:
Ni ma na ɗauki nawa. Wane za a fara, difarenshiyal ko matiriks?

Injiniya Lantarki:
Ku duka biyu ku fara komawa kan kalkulas, musamman intagireshan, sai hannu ya faɗa. Daga nan matiriks, sannan difarenshiyal, don rabinsa na biyu a kan matiriks yake tafiya. Kuna yi kuna gwada kowane darasi a Python.

Ɗiyar Malam:
Na rubuta. Gobe zan je sashenmu neman bayanin kwasa-kwasan da hatimi, in kuma tambayi sashen lissafi ko suna karɓar ɗalibin wucin gadi a zango mai zuwa. Dakta, in na rubuta labarin enzayim ɗin nan zan turo maka ka duba.

Dakta Mai Hoto:
Turo. Kada ya wuce shafi biyu, kuma ki faɗi ranar da kika gane ruwan ne.